Haramin Ammu Bala

Bari in faɗa tun kafin wani ya riga ni: ni ne wawan labarin nan. Ammu Bala, Allah ya jiƙan sa, shi ne ma'ajin 'yar makarantar unguwarmu a Misfala, nan ƙasa mai tsarki, ni kuwa ɗan kwamiti ne, wanda iliminsa ya tsaya a aji uku amma bakinsa ya wuce jami'a.

Kun san halinsa. Alhazai na watsewa daga Arfa, shi kuma yana bin sawunsu da buhu, yana tsintar haramin da suka yar. Ya wanke, ya ninke, ya jibge a siton makaranta. Na ce, "Ya shaikh, wa za ka kai Umra da duk wannan?" Ya ce, "Kai dai ba za ka je ba, Idi, sai ka fara koyon shiru."

Alli kuwa, gida uku yake karya shi. Wani malami ya ce guntun ya yi masa kaɗan. Ya ce, "To, rage surutu a allo."

Sai ga shekarar da kasuwa ta mutu. Baƙi babu, iyaye babu aiki, mai gida na neman kuɗin haya. Aka zauna kan wa za a sallama. Na miƙe da murya irin ta manya, na ce a sallami Ustaz Hamza mai ajin ƙanana, ni zan koyar da su kyauta, fi sabilillah!

Ammu Bala ya dube ni sama da ƙasa. "Kai? Wallahi kyautar nan ta fi ƙarfinmu. Sai mun ɗauki malamai biyu su gyara abin da ka koyar."

Washegari ya buɗe sito, ya ɗauko almakashi. Ya yayyanka haramin nan tsumma-tsumma, ya bi masu wankin mota layi-layi yana sayar musu. Har ni ya ɗora wa buhu, wai ga aikin da ya dace da takarduna. Da kuɗin tsumman nan Ustaz Hamza ya ci albashinsa har kasuwa ta farfaɗo. Yau ajinsa cike yake, jikata ma tana ciki, har tana gyara min karatu, 'yar banza.

Allah ka yafe wa bawanka Bala, ka haskaka kabarinsa, ka saka masa da kowane harafi da yaran nan suka koya.

Ranar da ya rasu, sai wayo ya sake ciyo ni. Na leƙa wajen matarsa, Hajiya Lami, na ce ai akwai sauran harami masu kyau a sito, a ɗauko biyu a yi masa likkafani, ya tafi da abin da ya fi so.

Ta share hawaye da bakin mayafi, ta ce, "Idi, wannan kayan makaranta ne. So kake ya tashi ya tambaye ka wa ya ba ka makulli?"