Awon damtse a lokacin tattasai

Shekarar da na yaye ɗiyata na yi abin da kowace mace a danginmu take yi, na kai ta wajen mahaifiyata. Inna tana ƙauyenmu na bakin Komadugu, gaba kaɗan da Geskeru, inda tun tasowata ban san wata sana'a ba sai noman tattasai. Ni kuwa ina Diffa, ina aiki a wani biro, wato ofis, mai kula da lafiyar yara. Ni ce mai buga takardun da ake koya wa mata gane tamowa da su, har ina jin kaina rabin likita.

Ranar da zan koma, direba yana ta matsa mini, na zaro ɗan madaurin awo daga jakata. Siriri ne kamar ganyen kaba, mai launi uku: tsanwa, ɗorawa da ja. Na zagaya shi a damtsen yarinyar na hagu, na nuna wa Inna 'yar tagar da launi ke fitowa. Tsanwa ya fito, amma a baki-baki.

Na ce, "Inna, duk Juma'a ki auna ta haka, ki duba launin."

Ta karɓa da hannu biyu, ta ƙulle a bakin zanenta. Ban faɗa mata ma'anar ko launi ɗaya ba. A biro ko mai shara ya san ja haɗari ne, sai na ɗauka duk duniya ta sani.

Wata uku ban je ba. Hanya ba daɗi a lokacin, shinge bayan shinge, an kuma hana hawa babur. Bayan azahar, idan aiki ya lafa, nakan zauna ƙarƙashin fanka idona biyu ina mafarki. In ga kogi ya cika yana tafiya a hankali, in ji injin ban ruwa yana tari daga nesa, in ga ɗiyata tana tatata tsakanin kunyoyi, kumatunta sun ciko, tana tsinke furen da kakarta ta hana. A mafarkin kullum ƙiba take ƙarawa. Har warin ƙasa mai laima nake ji, sai wani ya buga ƙofa in farga.

Muna waya idan rezo, wato sabis, ya ga dama. In tambayi awo, Inna ta ce, "Yana tafiya daidai, 'yar nan, ya fara juyawa." Ta ce akwai ɗan zawo, kuma yarinyar ba ta son tuwo, amma kewar nono ce, kowane yayayye haka yake yi. Na ji abin da nake son ji na kashe waya. Ko sau ɗaya ban ce mata wane launi ba.

Na isa ƙauyen ana tsakar tsinka. Ko'ina an shanya tattasai a kan rairayi, ja har iyakar gani, iska tana ɗauke da ƙamshinsa mai sa atishawa. Mata suna dariya, shekara ta yi kyau. Na tsaya ina kallo kamar ban farka daga mafarkin biro ba.

Sai na shiga gida. Ɗiyata tana zaune a kan tabarma, ba ta taso ba, ba ta yi kuka ba. Gashinta ya yi laushi ya koɗe, wuyanta kamar ba zai iya riƙe kan ba. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa baƙo.

Inna ta kwance bakin zane da murnarta, ta zagaya madaurin daidai yadda na koya mata, ko kuskure babu.

"Kin gani? Da kika kawo ta ɗanya ce shar. Ta bi ta ɗorawa, yanzu ga shi ta yi ja jawur."

Shekara hamsin tana jiran tsanwa ya zama ja a gona, kuma duk ranar da ya yi ja ranar farin ciki ce. Na daka mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba tunda ta haife ni, kuma har yau ina jin kunyarsa. Na saɓa yarinyar a baya, ba nauyi ko kaɗan. Inna ta bi mu ba takalmi har bakin hanya, ta shiga motar da ta tsaya mana ba tare da kowa ya ce ta shiga ba.

A asibitin Diffa aka ba mu gado a ɗakin masu tamowa. Ana ba yarinyar wata madara kaɗan-kaɗan, bayan kowane awa uku. Kwanakin nan ba na iya jera su. Ina tuna farin bango, da kukan yaran wasu, da Inna a ƙasa gefen gado da tasbaha, ba ta ci ba ta magana. Ni ma ban yi mata magana ba, don in na buɗe baki dole in ce laifina ne.

Rana ta shida da hantsi yarinyar ta kama kofin da hannunta, ta shanye, ta yi kukan a ƙara. Likita ta duba ta, ta ce in sha Allahu an tsallake. Na durƙusa gaban Inna na ce ta yafe mini, ni ce ban yi mata bayani ba.

Ta dubi damtsen jikarta, ta ce:

"Ba tsawarki ce ke damuna ba, 'yar nan. Duk Juma'a in na auna ta, sai na ɗaga hannu na roƙi Allah ya sa ta yi ja kafin ki zo."