Littafin Zakka Mai Awon Ruwa

Zakka ɗan Dogara mutumin duwatsun Eggon ne, amma a Keffi ya yi rayuwarsa. Ya sauko garin a shekarar da aka samu 'yancin kai, da takardar gama firamare ta mishan da wando biyu, ya samu aiki a ofishin gona. Aikin ba wani babba ba ne. Kullum ƙarfe bakwai na safe zai je bayan ofis inda aka kafa gwangwanin awon ruwan sama, ya juye abin da ya taru cikin kwalba mai zane, ya duba, ya rubuta. Da rani ma sai ya je ya rubuta babu. Har sunan ya bi shi, duk Angwan Iya, inda yake haya da matarsa Lea da ɗansu Monday, ba wanda bai san Zakka mai awon ruwa ba.

Tun a shekarunsa na farko ya lura cewa tsofaffin manoma sun riga kwalbarsa sanin abin da sama za ta yi. Wani tsoho Bagwandare ya taɓa ce masa kada kowa ya binne irin doya a makon nan, ruwan da aka yi na yaudara ne, don tururuwa ba su kwashe ƙwansu ba. Aka yi kwana goma sha tara ba ɗigo. Daga nan Zakka ya sayi littafin rubutu na 'yan makaranta. Ranar Asabar sai ya hau keke ya bi ƙauyukan bakin rafi, ya zauna da tsofaffin Gwandara da Mada da Fulanin ruga, yana tambaya yana rubutawa da fensir. Furen ɗorawa, isowar shamuwa, kukan kwaɗi, kalar hadarin gabas, duk ya rubuta, ya kuma gwada da awonsa. Cikin shekara goma sha uku ya cika littafi goma sha biyu.

Yana da aboki guda da ba su taɓa ganin juna ba, Malam Idris, akawun tashar jirgin ƙasa a Nguru. A shafin neman abokai na jarida suka haɗu, shi ma Idris yana rubuta tarihin masuntan ƙasarsu. Kowace wasiƙa da labarin sama take farawa. Zakka ya rubuta cewa rafin Antau ya cika har ya hana mata wanki, Idris ya amsa cewa su ko gajimare ba su gani ba, ku mutanen kudu kun saba da ɓarnar ruwa. Bayan wannan sai su koma kan abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, wato yadda mutum zai yi rubutunsa ya zama littafi.

Shekarar babban fari wasiƙun Idris suka canja. Ya daina zolaya. Ya rubuta cewa mutane sun yi shuka sau uku ta ƙone, shanu suna mutuwa a gefen layin dogo. “Aminina,” in ji shi, “in da littafinka yana hannun mutane, ko iri ɗaya da an tsirar.” Wannan magana ta hana Zakka sukuni. Ya rubuta wa wani kamfanin ɗab'i a Zariya, bayan wata bakwai aka amsa cewa littattafan makaranta kawai suke karɓa yanzu. Ya rubuta wa wani a Ibadan, shiru. Wani Bature ɗan Kanada da ke koyarwa a garin, wanda yakan zo ofis neman lissafin ruwan shekara, ya ce masa a ƙasarsu, inda ƙanƙara ke rufe gonaki kusan rabin shekara, marubuci ba ya zuwa kamfani da ƙafarsa, dillali yake nema. Zakka ya rubuta wa Idris yana tambaya ko akwai dillalin littafi a ƙasar nan.

Kafin amsa ta zo idonsa ya fara ba shi tsoro. Da farko ƙaiƙayi ne da hawaye, sai ya zama yana ganin abu kamar ta cikin hayaƙin ɗanyen itace. Likita a asibitin mishan ya ce cutar ƙudan bakin rafi ce, ta daɗe a jikinsa, ta riga ta taɓa jijiya. Zakka ya tambaye shi saura nawa ganin ya tafi. Likitan ya ce shekara ɗaya, in an yi sa'a biyu.

Da bazarar 1975 Idris ya aiko da adireshin wani Julius a Kaduna, wanda aka ce shi ya kai littattafan mutum uku har aka buga. Zakka ya ɗauki hutu, ya hau mota zuwa tashar Gudi, ya shiga jirgin ƙasa. Julius mutum ne mai fara'a, ya ba shi kujera, ya saurare shi sosai. Da ya buɗe littafi na farko sai ya ɗaga kai.

“Malam Zakka, wannan wane yare ne?”

“Hausa ce. Akwai Eggon kaɗan, da Gwandara. Wasu kalmomin na gajarta su.”

“Kai kaɗai za ka iya karanta wannan. Abin yana da kyau, yanzu gwamnati na son duk abin da ya shafi noma. Ka kawo mini shi bugun tafireta, tsaf, kafin a yanke dawa, ni na san ƙofar da zan ƙwanƙwasa.”

Zakka bai gaya masa maganar ido ba.

Ƙanwar Lea, Paulina, mai buga tafireta ce a kotu, ga 'ya'ya huɗu. Ta yarda za ta riƙa zuwa bayan tashi daga aiki. Sai a fito da tebur tsakar gida inda haske ya fi, Zakka ya kafa littafi a hancinsa yana karantawa, ita tana bugawa. A watan farko suka gama littafi uku. A na biyu, biyu. Fensirin ya koɗe, rubutun ƙanana kamar ƙwayar riɗi, ga damina ta kankama, rana ba ta cika fitowa ba. Duk yammacin da hadari ya haɗo, Zakka sai ya ji kamar an ƙwace masa wani abu. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyar yana murnar ruwa ya koma yana roƙon Allah ya tsayar da shi na awa ɗaya.

Zanen kwalbar ma ya daina ganinsa. Don kada a gane a ofis, Lea ta riƙa raka shi da sassafe kamar mai wucewa kasuwa. Ta iya lamba tun ajin yaƙi da jahilci, sai ta duba ta raɗa masa, shi kuma ya rubuta da ƙiyasin inda layi yake. Wata biyu suna haka, har ranar da babban akawu ya ga lambar Talata a kan layin Alhamis. Aka kira shi, aka yi masa magana mai daɗi, aka sallame shi saboda rashin lafiya. Da ya dawo gida abin da ya fara cewa shi ne yanzu ya samu safiya ma.

Amma safiyar ba ta yi masa amfani ba. Wata rana cikin Agusta ya buɗe littafi na takwas da tsakar rana, ya juya shi, ya matso da shi, ya nesanta, bai ga komai ba sai fari. Ya miƙa wa Paulina.

“Gwada mana. Ko kalma ɗaya kika kama zan tuna sauran.”

Ta daɗe tana dubawa. “Yaya, na ga kamar ‘gz’ da lamba uku. Sai wani abu kamar ƙugiya.”

“Gizo-gizo ne, ko gizaka. A'a, tsaya.” Ya dafe kai. “Maman Monday, zo ki duba.”

“Baban Monday, abin da Paulina ba ta gani ba ni zan gani?”

“Ki duba dai.”

Ta karɓa ta duba, ta ce ba ta gane ba. Ya fizge littafin ya buga a tebur har tafireta ta yi ƙara. Daga baya ya ba su haƙuri su biyun.

Littafi na takwas da na tara su ne na alamun ɗaukewar ruwa, abin da ya fi daraja a wurinsa, kuma yawancinsu daga bakin tsohon Bagwandaren nan ya ji su. Sai ya ce a kai shi wurin tsohon. Lea ta riƙe masa hannu suka yi tafiyar rabin yini cikin taɓo, suka haye rafi ruwa har ƙugu. Da suka isa aka ce ai tsoho ya rasu tun kakar bara. 'Ya'yansa biyu sun tafi aikin hanya, wanda ya rage ya ce shi bai riƙe irin waɗannan maganganu ba. Zakka ya zauna a kan turmi a ƙofar gidan, ya yi ta jero wa mutumin farkon magana ko zai ƙarasa masa, mutumin yana cewa Allah ya ba da haƙuri.

Abin da ya saura daga ka ya faɗe shi. Inda ya tabbata ya ce a buga, inda yake shakka ya ce a bar fili, don ba zai sa manomi ya yi asarar iri a kan zato ba. Suka gama da shafi ɗari da arba'in, kusan talatin a ciki rabinsu fili ne.

Ana cikin yankan dawa suka isa Kaduna, shi da Lea. Ita ta gane ƙofar daga kwatancensa, amma ta ce masa buhunan siminti ne a ciki har rufi. Mai shagon ya ce Julius ya bar harkar takarda tun watan jiya, ya samu kwangila ya koma Legas, bai bar adireshi ba. Zakka ya sa aka maimaita masa. Sannan ya ce wa Lea ta nemo musu kowane kamfanin ɗab'i ne a garin. Kwana uku suna zuwa ƙofar wani kamfani, yana rungume da ƙunshin, mai gadi yana cewa manaja ya fita. A rana ta uku wani ma'aikaci ya tausaya ya fito, ya ɗaga shafi biyu, ya ce su dawo in an cike wuraren da aka bari. Lea ce ta ce su tafi gida, ƙafarta ta kumbura.

Ya aika wa Idris kwafi na biyu. Idris ya amsa cewa ya karanta wa manoma a tasha, sun yi gardama a kan rabi, sun ce sauran gaskiya ne, shi ma nasa littafin yana cikin akwati. Paulina ce ta karanta masa wasiƙar, ya sa ta karanta sau uku.

Zakka ya yi shekara shida bayan haka yana tufka igiya a ƙofar gida. Bai daina sa a rubuta wa kamfanoni ba, duk wanda ya ji sunansa a rediyo sai an aika masa. Biyu suka amsa, duka da ban haƙuri. Ya rasu a farkon 1982, bayan gajeren zazzaɓi. Lea ta koma garin Lafiya wurin Monday, wanda ya zama malamin makaranta a can, ta tafi da bugun tafiretar da littattafan goma sha biyu a cikin akwatinta na ƙarfe.