Siririyar Tayar Lufeyo

Lufeyo Kamanga tela ne a Nkhotakota, siriri kamar sillen kara, kuma duk garin an san shi da ɗinkin kwat da taurin kai. Yana da wani tsohon keken tsere da tayarsa ba ta fi yatsa kauri ba. Amininsa Zakeyu, mai sayar da busasshen kifi, ƙato ne, kekensa kuwa na dako, mai faffaɗar taya.

Kowace shekara bayan girbin masara sukan ɗaura bargo da tukunya, su bi gefen tafki zuwa ƙauyen su Zakeyu, can wajen garin Salima. Lokacin ne iskar kudu take dukan mutum a fuska babu tausayi. Zakeyu ne a gaba, wai ya fi sanin ramukan hanya, Lufeyo yana manne da shi yana zuba surutu. Da sun yada zango sun tuƙa tuwo, sai musu ya tashi. Lufeyo ya ce siririyar taya tsaga iska take yi, faffaɗa kuwa tare ta take, ga ma shaida: shi ko gumi bai yi ba, wani kuwa sai haki.

Zakeyu yakan yi dariya ya ce, "Haka ne, tela. Ci tuwonka."

Wannan amsa ta fi zagi ƙona wa Lufeyo rai. So yake a yi gardama ya kayar da mutum, amma ina. A haka suka yi furfura.

Da damina Zakeyu ya rasu. Da girbi ya zo aka sa ranar ɗora dutse a kabarinsa can ƙauyensu. 'Ya'yan Lufeyo suka roƙe shi ya shiga mota, ya ce allambaran, da tayar nan zai je, marigayin ya gani da kyau.

Bai yi nisa da gari ba iska ta tokare masa ƙirji. Ya taka, ya taka, keke kamar an ɗaure shi a turke. Ya sauka ya latsa taya, lafiya lau. Ya duba sarƙa, ba abin da ya same ta. Da ya ɗaga kai sai ya ga hanya fetal har ƙarshen gani. Shekarun nan duka bai taɓa ganinta haka ba. A da faffaɗan bayan Zakeyu kawai yake gani, da rigarsa jiƙe sharkaf.

Ya zauna a bakin hanya ya yi kuka mai isarsa, kewa da kunya suka haɗe masa. Sannan ya miƙe ya kama ƙahon keken.

"Ashe kai ne kake tare min iska, ƙato," in ji shi, "kuma ka yi shiru."

Ya ci gaba da tafiya yana turawa.