Iyakar Ƙafar Mai Karɓar Haraji

Ɗan Lissafi ake ce masa tun yana yaro, domin ko lemo aka ba shi sai ya ƙirga 'ya'yan da ke ciki kafin ya sha. Da ya samu aiki a hukumar tara haraji ta ƙasa, 'yan gidansu suka ce an kai shi inda ya dace.

Shekarar da aka rage wa hukumar kasafi, shi ya miƙe a taro yana rawar jiki, ya ce ya gano inda kuɗi ke zurarewa: man mota. A jingine motocin ofis, kowa ya taka da ƙafa. Aka tafa masa, oga har da dafa masa kafaɗa.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne iyakar ƙafar ɗan Adam. Daga ofis zuwa bakin gada numfashinsa ke ƙarewa. A tsakani kuwa ba kowa sai mai aski, mai faci, mai gyaran waya, da shagon ɗinkin yayarsa, wadda ta goya shi, ta kuma yi masa makaranta da keken ɗinkinta. Su ya riƙa yi wa sintiri kamar mai neman aure. Motocin na bayan ofis, tayoyi sun sace, kyanwa ta haihu a kujerar direba.

Yaya ba ta taɓa ƙin biya ba. Abin da ke ci mata rai shi ne, da an ce kuɗin shiga ya yi ƙasa, sai ta ga ƙaninta a bakin ƙofa yana leƙen ko ta ƙara keke. Ya yi mata bayanin asibiti da gyaran hanya, ta ce ta ji. Ranar da ya tambaya ko dutsen gugar nan na shago ne ko na gida, ta ajiye almakashi.

"Auta, masu manyan sito na ƙetaren gada, su ba sa zuwa asibiti?"

Ya ce suna cikin tsari.

"To, ni ma zan shiga tsarin."

Shi ya ɗora mata keken a motar haya ranar da ta tashi. Da suka haye gada ya ga sito bayan sito, manyan motoci sun yi layi suna sauke kaya. Ya fara ƙirga ƙofofi, a karon farko a rayuwarsa lissafi ya kwance masa. Yaya ta kama shago a jikin katangar ɗaya daga ciki.

Washegari ya sami oga, ya roƙa a zuba mai ko a mota ɗaya ce. Oga ya ce shi ma yana so, amma kuɗin shiga ya sake faɗuwa, ga shi an ce wata tela ma ta bar layin, don haka ya ƙara ƙaimi a kan waɗanda suka rage.

Yanzu sai ranar hutu yake ganin Yaya, da kuɗin motarsa. Ita kuma ba ta miƙa masa kujera sai ya rantse zumunci ne ya kawo shi.