Ƙofofin Balaraba

Shekara goma sha tara Balaraba ta yi tana buga tafireta a bakin kotu kafin aikin ya koma kwamfuta. A 2004 ta samu kujera a shagon buga takardu na Oga Obiajulu da ke Kwararafa. Yatsunta lafiya lau, ko ido rufe tana buga takardar rantsuwa. Idon ne ya fara gajiya. Ƙananan rubutun da ake bi a buɗe aiki sun zame mata jerin tururuwa, kuma ta san ranar da Oga ya gane, ranar 'yar ƙanwarsa za ta hau kujerar.

Chundung mai injin kwafi ce ta jera mata manyan hotuna a fuskar kwamfutar: shuɗi na wasiƙa, rawaya na takardun kwastomomi. Danna biyu, aiki ya buɗe. Chundung na ce musu shotkot, Balaraba ta ce ƙofofi. Da su ta fi kowa sauri har shekara uku.

Ranar da Oga ya ce bairos, cutar kwamfuta, ya shiga, gobe za a wanke kwamfutar tas, kowa ya kwashe aikinsa, Balaraba ba ta tambayi kowa ba, don tambaya tona mutum take yi. Ta ja ƙofofinta ta zuba a filash, ɗan abin adana aikin kwamfuta, ta ƙulle a bakin gyale.

Washegari bayan an wanke kwamfutar ta mayar da su, ta danna rawayan. Wani farin akwati ya fito da rubutu. Malam Ishaku na tsaye yana jiran tambayoyin jarrabawar da ta yi mako tana buga masa.

"Mama, mene ya rubuta?" in ji Oga daga bakin ƙofa.

Ta zuba wa tururuwan ido.

"Cewa ya yi Mama ta kwaso ƙofa ta bar ɗakin," Chundung ta amsa tana dariya, ta miƙo wani filash. "Ga ɗakin nan, jiya na kwashe."

Oga ya yi tsaki ya fita. Malam Ishaku ya karɓi takardunsa.

Da shagon ya yi shiru, Balaraba ta ce, "'Yar nan, tun yaushe kika san idona ya gaji?"

"Tun ranar da kika kira ni sau goma kafin azahar. Tashi ne ya ishe ni, Mama, ba tausayi ba. Kuma in kin tafi, 'yar gidan Oga ce za ta zauna nan, ko tari na yi sai ya ji."

Balaraba ta gyaɗa kai. Hakan ya fi mata sauƙin ɗauka. Ta murza idonta ta matso da kujera.

"To ki ƙara wa ƙofofin girma."

Chundung ta leƙo, ta ɗan taɓa, ta saki.

"Sun kai ƙarshe, Mama."