Tsohuwa Mai Turmi Ɗaya

A shekarar da ciwon zuciya ya kwantar da Baba, ina ƴar lakwal, wato makarantar boko, a Gure. Lokotoron da aka turo daga Dosso ya ba shi ƙwayoyi farare ƙanana. Inna kuwa, don tsabar son mijinta, kullum sai ta bi su da jiƙon saiwoyin da ta sayo a kasuwar Gidigir. Maimakon sauƙi, sai jiri da amai, har Baba ya ce komai rawaya yake gani. Wallahi na ji tsoro, na ɗauka maraici ya zo.

Kaka Falmata, mahaifiyar Baba, ta san itatuwa kamar ƴaƴanta. Amma ina za ta dubi idon surukarta ta ce kin yi kuskure? Sai ta bari muka taru bakin wuta bayan isha, hayaƙi na tashi a hankali, taurari sun sauko har kan tudun rairayi. Inna na gefe tana fifita tukunyar jiƙonta.

"Ga ta nan, ku matso, masu kunnen ƙashi," in ji Kaka, da murya sama da yadda ta saba.

Wai a cikin kowane mutum akwai wata tsohuwa mai turmi ɗaya. Duk abin da ka haɗiye, ita ke daka shi, ta raba wa jiki, ta share saura. Ran nan baƙo ya iso daga birni cikin farar riga, sai ga ɗan daji, ɗan'uwanta, ya shigo bayansa. Tsohuwa ta ce ɗan'uwa tukuna. Baƙo ya zauna jira. Gobe wani baƙon ya zo, jibi wani, ita tana can tana fama da saiwa. Da suka cika ɗakin, zafi ya ishe su, sai suka fara dukan bango.

"Kaka, to wane ne mugun?" na tambaya.

"Ke dai akwai baki! Babu mugu, ƴar nan. Kowa alheri ya kawo. Turmin ne guda."

Barci na fizgata, ina jin kamar ana lugude can cikin cikina. Ban ji ƙarshen tatsuniyar ba. Abin da na gani kawai, Inna ta ajiye mafici, ta ɗauki tukunyar ta yi bayan danga. Na ji rairayi yana shanye ruwa. Da safe ita da kanta ta je ta faɗa wa lokotoro komai.

Sai da na girma wata ma'aikaciyar farmasi ta gaya mini cewa tsohuwar nan hanta ce, kuma wata saiwar takan hana ta sarrafa ƙwaya, maganin ya taru ya zama guba. Na yi dariya, hawaye na zuba. Baba ya rayu har ya ga aurena. Inna kuwa, har ta koma ga Allah, ba ta taɓa cewa ta ji tatsuniyar nan ba, Kaka ma ba ta taɓa tambayarta ba.