Sama Ma Gulbi Ce, In Ji Yaya Garba

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Garba, mai fito a gulbin da ya raba Malanville da Gaya. Abin da ya tuno mini da shi a makon nan labari ne na ji a rediyo, wai kamfanoni masu zaman kansu suna gasar kai mutum sararin samaniya, kowa yana ƙoƙarin karya kuɗin hawa kumbo.

Da yana raye, da ba mu huta ba. Tun ana yi masa dariya yake bin labarin 'yan sama jannati, rediyo rataye a wuya. "Sama ma gulbi ta, ƙanwata," yakan ce. "Ran da anka bar kowa ya saka jirginai, kuɗin fito sai sun hwaɗi."

Ba a baki ya tsaya ba. Lokacin manya kaɗan ne suka riƙe tashar jirage, abin da suka yanka shi za ka biya. Yaya ya tsaya kai da fata sai da aka bar samari masu ƙananan jirage suka shiga layi. Wasunsu shi ya koya wa tuƙi. Kuɗin fito suka sauka, har tsofaffi masu tallar kifi suna ƙetarewa ba fargaba.

Ba a yi sadakar arba'in ɗinsa ba samarin nan suka haɗa kai da manyan, suka mayar da kuɗi inda suke, suka ce layi ya cika. Wanda suka fara hanawa Hamidu ne, ɗan Yaya. Na je da kaina na roƙi shugabansu, yaron da ya ci tuwon gidanmu. Bai ɗago ido ba ya ce, "Inna, doka ta." Kaza, ci ki goge baki. Har yau ban yafe ba, kuma ba na ɓoyewa.

Shi ya sa labarin kumbon bai burge ni ba. Mai yiwuwa kuɗin su sauka, da Yaya yana nan sai ya ce ai ya faɗa. Ni kuwa tambayata, idan masu gasar sun samu shiga, wa zai hana su ja ƙofa?

Ana cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ina so in yarda. Hamidu yanzu dako yake yi a kasuwa, jirgin ubansa yana kife a bayan gida. Amma tsofaffin nan masu kifi, in sun tare ni, har yau sukan tambaya yaushe jirgin Garba zai koma ruwa.